Jif ko A-kori-kura: Wacce Ta Dace da Mai Sayen Motar Farko?

Mai neman motarsa ta farko, wanda ya san ba kwalta zalla zai riƙa takawa ba, yawanci a kan iri biyu idonsa ke tsayawa: jif mai rufaffen baya irin Prado, Patrol, Pajero ko Fortuner, da a-kori-kura mai ƙofa huɗu irin Hilux, Ranger, D-Max, Navara ko L200. Don kada na ja ka da nisa, ga matsayina. Idan ita kaɗai ce motar da za ka mallaka, kuma hannunka bai gama faɗawa a tuƙi ba, jif ta fi. A-kori-kura tana gaba ne a hali guda: kana da kayan da bai kamata su shiga inda mutane ke zama ba, kuma kana ɗaukarsu duk mako, ba sau biyu a shekara ba.

Gardamar da aka fi ɓata lokaci a kanta ita ce wacce ta fi ƙarfi, alhali da yawansu uwa ɗaya uba ɗaya suke. An gina Fortuner a kan ginshiƙin Hilux, Everest a kan na Ranger, MU-X a kan na D-Max, Pajero Sport kuma a kan na L200. Da 4Runner ta fara fitowa a 1984, Hilux ce aka ɗora wa rufi a baya aka sa kujeru. Land Cruiser jerin 70, wanda shi ma aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ba a daina ba, yana fitowa a siffa biyun: 76 jif ce, 79 a-kori-kura. Inji ɗaya, giya ɗaya, gangar jiki a ɗaure kan shasin ƙarfe mai kama da tsani. Bambancin da za ka ji a jikinka da aljihunka yana daga kujerar direba zuwa baya: irin sifirin, tsawon mota, inda nauyi ya kwanta, da abin da ya rufe bayan.

Mu fara da sifirin, don a nan ne sabon direba ya fi shan mamaki. Mafi yawan a-kori-kura suna da sifirin na falle-falle a baya, wanda aka ƙera don ya ɗauki kusan tan ɗaya. Da kaya a bodi motar takan kwanta ta yi laushi. Amma ka tambayi kanka sau nawa bodin zai kasance da kaya. A yawancin ranaku wayam yake, kuma sifirin da aka yi don tan ɗaya ba ya lanƙwasa don nauyin iska. Sai bayan motar ya riƙa tsalle a gargada, a kan burji mai tsaga-tsaga kuma ya riƙa gocewa gefe ko sitiyari na miƙe. Ga kuma inji da mutane duk a gaba, tayoyin baya ba abin da ya danne su, su ne kuma ke tura motar a tuƙin yau da kullum. Ka haɗa wannan da injin dizal mai ƙarfin ja tun daga ƙasa, da kwalta mai danshi bayan yayyafi, da kwana, da ƙafar da ba ta san awon totur ba tukuna. Bayan motar zai zagayo kafin ka ankara. Gogaggen direba yana jin alamar tun a mazauninsa ya sassauta, ɗan koyo kuwa yakan taka birki da ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa.

Jif tana da rufi, gilasai, kujeru da ƙofar baya a kan tayoyin bayanta, don haka nauyinta ya fi rabuwa daidai ko ba kowa a ciki. Yawancinsu kuma sifirin mai murɗi ne a baya, mai laushi da bin ƙasa. Akwai masu saɓa wa wannan. Wasu Navara masu ƙofa huɗu na ƙirar da ta fito a 2014 suna da sifirin mai murɗi, ita kuma Land Cruiser 76, duk da jif ce, falle-falle ne a bayanta kuma tana dukan baya ba kaɗan ba. Saboda haka ka sunkuya ka leƙa, kada ka dogara da siffa.

Kada wannan ya sa ka ɗauka jif ba ta da haɗari. Duka biyun dogaye ne, nauyinsu a sama yake, kuma kaucewar gaggawa a guje na iya kifar da kowacce. A 2016 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta yi wa Hilux gwajin kauce wa abin da ya faɗo hanya ba zato, tayoyin gefe guda suka ɗaga sama. Jif mai kaya jibge a rufi tana iya yin haka ko fiye. Abin da ke rage wannan haɗari shi ne na'urar daidaita mota, wadda ake rubutawa ESC, ko VSC a motocin Toyota. Tana taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta idan ta ji motar na zamewa. Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sababbi daga Nuwamban 2014, amma a kasuwanni da dama an ci gaba da sayar da a-kori-kura na aiki ba tare da ita ba. Da za a ba ni a-kori-kura mai wannan na'ura da jif marar ita in zaɓa wa sabon direba, a-kori-kurar zan ɗauka, duk da abin da na faɗa a sama.

Sai tsarin jan tayoyi huɗu. Prado da manyan Land Cruiser irin 100 da 200 kullum tayoyinsu huɗu ke ja, ba sai ka taɓa komai ba. Ka fito daga kwalta ka faɗa tsakuwa, ruwa ya sauko, duk motar a shirye take. Hilux da yawancin takwarorinta da tayoyin baya suke tafiya, sai ka sa okzilari da hannunka idan ka shiga laka ko rairayi, kuma dole ka cire idan ka dawo busasshiyar kwalta. In ka manta, gaba da baya suna ɗaure da juna ba sassauci, a kowace kwana farfela da giya na murɗuwa, tayoyi na cinyewa, wata rana wani abu ya karye. Ba abu ne mai wuyar koyo ba, amma ƙarin abin tunawa ne ga wanda har yanzu yake lissafin madubi da sigina. Mitsubishi ta raba gardama da tsarinta na Super Select, wanda ke cikin Pajero da wasu L200: kana iya tafiya da biyu, kana iya tafiya da huɗu a kan kwalta ba matsala. Wani abin lura kuma, tsayin mota ba shaida ba ne. Akwai Hilux, Fortuner da 4Runner birjik da aka ƙera su da jan tayoyin baya kaɗai. Ka nemi sandar ƙaramar giya ko maɓallin 4L, ka kuma leƙa ƙasa ka ga farfelar gaba da idonka.

Tsawo ma abin dubawa ne. Hilux mai ƙofa huɗu ta ƙirar 2015 ta kai kusan mita 5.3, tazarar tayoyin gaba da na bayanta milimita 3,085. Fortuner da aka gina a kan ginshiƙi ɗaya kusan mita 4.8 ce, tazarar tayoyinta milimita 2,745. Rabin mita a takarda ba komai ba ne, amma a wurin fakin, a lungu, ko inda za ka juya a ƙuntatacciyar hanya, shi ne bambancin juyi ɗaya da ribas uku. A daji ma gajartar na da rana. Mota mai doguwar tazara ta fi saurin dafa cikinta a kan tudu, kuma dogon bodin da ya zarce tayoyin baya yakan daki ƙasa idan ana fitowa daga kwari. Ribar tsawon tana kan miƙaƙƙiyar hanya, musamman idan ana jan tirela, inda doguwar mota ta fi natsuwa.

Yanzu ga inda a-kori-kura ke da bakin magana, wato kaya. Sai dai lissafin ba yadda mutane ke zato yake ba. Nauyin da kamfani ya ce mota na ɗauka ya haɗa da direba, fasinjoji da duk ƙarfen da ka ƙara mata. A-kori-kura mai ƙofa huɗu tana ɗaukar kusan kilo 1,000. Ka zuba manya biyar masu kilo 75 kowanne, kilo 375 ya tafi, saura ɗari shida da 'yan kai. Jif yawanci tsakanin kilo 600 ne da 700, wato idan manya bakwai suka zauna, da ƙyar jakunkunansu za su samu gurbi a lissafin. Mutane na cika jif da fasinja, su ɗora kaya a rufi, su rataya jarkoki a baya, sannan su yi mamakin yadda shokozoba ke mutuwa da wuri.

Bodin mai ƙofa huɗu kuma gajere ne, kusan mita ɗaya da rabi, kuma babban ɓangarensa yana bayan aksul ne. Idan ka jibge nauyi a can ƙarshe ka bi gargada a guje, nauyin yana danna wutsiyar motar ƙasa yana ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwaf, shasi kuma na iya lanƙwashewa a tsakanin ɗakin direba da bodi. Wannan sanannen lahani ne a motocin da aka yi wa lodin ganganci, ba na kamfani ɗaya ba. Abu mai nauyi a jikin ɗakin direba ake jingina shi, a ɗaure. Wanda sana'arsa lodi ce tsantsa, mai ƙofa biyu mai dogon bodi ya kamata ya duba, ita ce motar aikin ta ainihi.

To wane irin kaya? Siminti, yashi, taki, tukunyar gas, jarkar fetur, janareta mai ɗigar mai, maganin feshi, dabbobi, babur, firji a tsaye. Duk waɗannan na a-kori-kura ne, kuma ba na jayayya. Ka sauke, ka watsa ruwa, shi ke nan. A jif kuwa warin fetur da kai zai zauna, tukunyar gas mai yoyo a rufaffiyar mota haɗari ce, kuma duk abu mai nauyi da ke bayan kujera ba a ɗaure ba, ranar da aka yi karo kan fasinja zai nufa. Mai jif da ke yawan ɗaukar kayan ƙarfe ya kamata ya sa ragar ƙarfe tsakanin but da kujeru.

Amma ka juya lissafin. Jakar tafiya, kwamfuta, kayan cefane, akwatin kayan aiki, keken jariri, takardu. Waɗannan su ne kayan yawancin mutane a yawancin ranaku, kuma ba ɗaya daga ciki da za ka bari a buɗaɗɗen bodi ka shiga wani wuri hankalinka kwance. Ruwa zai jiƙa, ƙura za ta rufe, mai wucewa zai miƙa hannu. Shi ya sa za ka ga a-kori-kura bodinta fayau, kujerar baya kuma cike da kaya har gilashi, motar mutum biyar ta koma ta mutum biyu. Daga nan sai mai ita ya sayi murfi ko rumfar bodi. Rumfar kuɗi ce, nauyinta na cin wani abu daga lodin, ta hana ɗaukar dogon kaya a tsaye, sanyin na'ura ba ya kaiwa can, kuma ƙura na shiga ta gefen ƙofar bodi saboda yadda iska ke zuƙowa a bayan mota mai gudu. Idan tun kafin ka saya kana tunanin rumfa, jif kake so, ba ka dai faɗa wa kanka ba ne. Ita jif ka kwantar da kujerun baya ka samu wuri rufaffe mai kullewa, wanda a yawancinsu mutum zai miƙe ya kwana idan dare ya yi masa a hanya.

(Akwai kuma harajin da ba a rubuta ba: ranar da ka sayi a-kori-kura, duk wanda ka sani da zai tashi daga gida ko ya sayi katifa zai tuna da lambarka.)

Wanda lodinsa na lokaci-lokaci ne yana da mafita biyu, ya yi hayar motar kaya ranar da buƙata ta taso, ko ya sayi ƙaramar tirela. Yawancin a-kori-kura na zamani an ba su izinin jan har kilo 3,500 idan tirelar na da birki, Prado 150 kuma tsakanin 2,500 da 3,000 gwargwadon shekara da kasuwa, wanda ya ishi kusan kowa. Sai dai jan tirela, musamman ribas da ita, karatu ne daban, kuma a wasu ƙasashe sai da ƙarin lasisi idan nauyin ya wuce wani mizani.

Batun fasinja gajere ne. Kujerar bayan a-kori-kura a miƙe take don bango na bayanta, tafiyar awa uku a cikinta sai an daure. Ta jif tana kishingiɗa, da yawa kuma suna da layi na uku, ko da yake na yara ne a gaskiya kuma yana cinye but. Bodi ba wurin zaman mutane ba ne, ba bel, ba rufi, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa.

A wajen kuɗi ne matsayina ke da rauni, kuma gara na faɗa. Da kuɗi ɗaya, a kasuwanni da yawa, za ka samu a-kori-kura mai ƙarancin shekaru, ko jif da ta girme ta sosai. Tsohuwar jif ta alfarma kuwa tarko ce ga mai motar farko. Kuɗin sayenta ya faɗi, na gyaranta bai faɗi ba. Sifirin na iska irin na Land Rover Discovery 3 da 4, tsarin KDSS mai rage karkatar mota a kwana da matsin mai a wasu Prado, kujeru masu lantarki, injin silinda takwas mai shan mai kamar rairayi na shan ruwa, duk suna jiran ranar da za su nemi haƙƙinsu. A-kori-kura ta aiki ba ta da yawancin waɗannan, abin da babu kuwa ba ya lalacewa. Idan zaɓinka tsakanin lafiyayyar Hilux ce mai takardun sabis da gajiyayyar babbar jif da ta wuce hannu biyar, ka manta duk abin da na ce game da sifirin ka ɗauki Hilux, ka riƙa ajiye ɗan nauyi a ɗaure a bodi, ka kuma koyi sassauta ƙafa a kwana. Jif ɗin da nake nufi matsakaiciya ce marar tarkace: Fortuner, MU-X, Pajero Sport, Everest, ko Prado ta ƙasa-ƙasa.

Ka tambayi makanikan da za su riƙa duba maka ita wacce suka sani kuma wacce kayan gyaranta ke samuwa kusa. An daina ƙera Pajero a 2021, tsohuwar Defender kuma a 2016. Ba wai kayansu sun ɓace ba ne, amma a wasu wurare sai an jira. Haraji da inshora ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wasu na lissafa a-kori-kura a matsayin motar kasuwanci, abin da kan rage haraji a wani wuri, a wani wurin kuma ya jawo ƙarin dokoki. Ka bincika naka kafin ka biya.

Zaɓin inji ya shafi duka biyun. Dizal na zamani, irin 2.4 da 2.8 na Toyota, yana da ƙarfin ja da tsimin mai, amma nozul ɗinsa ba sa haƙuri da gurɓataccen mai ko mai ruwa a ciki, kuma gyaransu da tsada. Masu matatar hayaƙi a salansa suna buƙatar doguwar tafiya lokaci-lokaci don ta ƙone abin da ta tara, in kuwa kullum gajeren zango ne cikin cunkoso, toshewa za ta yi. Injin fetur 2.7 da ke cikin Hilux, Fortuner da Prado ba shi da kuzari, a Prado ma har ya yi mata kaɗan, kuma yana shan mai, amma yana da sauƙin sha'ani da juriya. Ga mai motar farko da yawancin tafiyarsa cikin gari ce, ban ga laifinsa ba.

Idan ta hannu za ka saya, ka tuna rayuwar da kowacce ta yi kafin ta zo gare ka. A-kori-kura galibi ta yi bauta, a kamfanin gini, a gona, a ma'adinai, a hannun direbobi da yawa da ba su suka saya ba. Ka tsaya a gefe ka dubi ratar da ke tsakanin ɗakin direba da bodi. Idan ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, ko layin jikin motar bai haɗu ba, ka yi zargin shasi. Ka duba ko fallayen sifirin sun miƙe sun rasa lanƙwasarsu, ka ɗaga shimfiɗar robar bodi don tsatsa na ɓuya a ƙarƙashinta, ka kuma dubi ƙugiyar jan tirela ko ta cinye. Jif kuwa sau da yawa akasin haka ce, ta yi shekaru tana kai yara makaranta ba a taɓa sa mata ƙaramar giya ba, har na'urar da ke sa ta ta ƙage. Ka kai ta kan ƙasa, ka sa 4H (jan tayoyi huɗu a babbar giya), ka sa 4L (jan tayoyi huɗu a ƙaramar giya), ka kulle aksul idan tana da makulli, ka ga kowace fitila ta kama ta kuma mutu. Ka ɗaga kafet ka shinshina, motar da ta taɓa nutsewa a ruwa ba ta iya ɓoye wari da laka a lungunan ƙarƙashin kujera. A duka biyun ka nemi a tayar da injin yana sanyi a gabanka. Idan kuma dizal 2.5 ko 3.0 ne na Toyota na kafin 2015, ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, domin a yawancinsu a kilomita 150,000 ake canza shi, kuma in ya tsinke inji yake tafiya da shi.

Wajen gwaji kada ka tsaya a zagayen kwalta mai santsi da dillali zai nuna maka. Ka tuƙa a-kori-kurar ba kaya a kan hanya mai gargada, sannan ka ba wani sitiyari ka koma kujerar baya na rabin awa, tunda a nan iyalinka za su zauna. Ka kai kowacce inda za ka riƙa ajiye ta kullum ka shiga da ribas. Kafin ka sauka, ka buɗe ƙofar direba ko bonet ka nemi farantin da aka buga iyakar nauyin motar a kai, ka cire nauyinta ba kaya, ka kwatanta abin da ya rage da mutanen da kayan da ka ɗauka a watan da ya wuce.